Neman kalma: "viability" a dokokin zubar da ciki na Amurka

Hadiza: Salamu alaikum. Ina da rahoton da za a karanta ƙarfe huɗu kan dokokin zubar da ciki na jihohin Amurka, kalmar viability ta tsaya min. A shari'ar Roe ta 1973, kotun ƙoli ta ce kafin wannan mataki jiha ba ta da ikon haramta zubar da ciki. An soke hukuncin a 2022, amma a 2023 mutanen Ohio suka zaɓi sa kalmar cikin kundin tsarin mulkin jiharsu. Me zan kira ta da Hausa?

Malam Bello: Busa rai mana. Kowa ya san shi.

Anti Rabi: Allah gafarta Malam, busa rai kwana 120 ne, wajen mako 17. Ita viability maganar likitoci ce: lokacin da abin da ke ciki zai iya rayuwa in ya fito, ko da sai an sa shi a kwalba. Yanzu ana ɗaukarsa wajen mako 24, ana ƙirgawa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Dokar Ohio ma ba ta yanke mako ba, likitan da ke duba matar shi ke tantancewa.

Lawali: Bakwainci! Daga bakwaini. Ita kanta Roe wata bakwai ta ambata.

Anti Rabi: Ta ambata, amma ta ce yana iya kasancewa tun mako 24, wanda bai cika wata shida ba. Mai sauraro zai ƙirga wata bakwai ya yi kuskure.

Sadiq: A rubuta "bayabiliti" kawai a huta.

Lawali: Wannan ita ce matsalarku 'yan Kano, kullum aro. Mu a Damagaram ba ma raina Hausa haka.

Sadiq: Ku da ke cewa "lakwal" da "lopital"?

Lawali: Duk da haka, bakwainci kalma ɗaya ce, kuma daga bakin kakanninmu take.

Hadiza: Don Allah lokaci na tafiya. Zan sa "matakin da ɗan tayi zai iya rayuwa a wajen mahaifa", daga baya in riƙa cewa "matakin iya rayuwa".

Lawali: Ya yi tsawo ƙwarai. Sa shi yau, amma a nawa aikin bakwainci zan rubuta.