Shawarwari kan farfaɗo da injin Toyota 22R

Da makanikai da direbobi suka zauna kan batun tsohon injin 22R mai lita 2.4 da ke cikin Hilux, bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa kada a kwance shi sai an auna matsin kowace silinda, domin shuɗin hayaƙi da shan baƙin mai ba kullum ne laifin ringi ba, wani lokaci robar bawul ce kawai ta bushe.

Idan bangon silinda ya ci har farce yana maƙalewa a gefensa na sama, sa sabon ringi asarar kuɗi ce. Sai an kai bulo an rarake shi, a sa fistin mai ƙarin milimita 0.50, a duba kiranshaf, a canza metal, wato ƙarafunan da kiranshaf ke juyawa a kansu. Sun daɗe a kan sarƙar taimin, kuma ina ganin sun yi gaskiya: madogaranta na roba suna karyewa, sarƙar ta riƙa gogar murfin da ya rufe ta har ta huda shi, ruwan injin ya gauraya da baƙin mai. Kan injin kuwa na alminiyom ne, zafi yana lanƙwasa shi, don haka a daidaita fuskarsa kafin a ɗora gasket, a kuma wanke lagireto.

Game da ƙarin ƙarfi, wasu sun yabi kafiretar Weber da salansa mai faɗi, amma masu ɗaukar kaya sun fi son a dasa injin 3RZ mai lita 2.7, muddin an ji kukansa kafin a biya.