Ikirarin da na yi ya karɓu kuwa? Da kuma batun indaljens

'Yar Rozari:
Salama 'yan'uwa. Abu na damuna tun satin da ya wuce. Na je ikirari ran Asabar, layi ya yi tsawo, Fada yana ta sauri, ko shawara bai ba ni ba sai kawai ya ce in yi "A gaishe ki Maryamu" uku ya yi addu'ar kwance zunubi, sai da na isa gida na tuna akwai wani babban zunubi da ban faɗa ba, wallahi mantuwa ce ba ɓoyewa na yi ba. Ga shi kuma ana ta maganganu marasa daɗi a kan halin Fadan. To gafarar ta tabbata ko sai na sake daga farko? Na biyu, mamata ta rasu bana, ina so in nema mata cikakken indaljens (wato a ɗauke mata duk horon da ya saura na zunuban da aka riga aka yafe) a watan Nuwamba amma wata abokiyata ta ce ai wannan sayen gafara ne. Don Allah a taimaka min.

Tsohon Katikis:
'Yata, Allah ya jiƙan mama, ya ba ta hutawa ta har abada. Ki kwantar da hankalinki, ikirarinki ya karɓu. Wanda ya manta daban, wanda ya ɓoye da gangan daban. Da a ce kin san zunubin kika danne shi don kunya, to da ikirarin duka ya lalace sai an sake. Amma mantuwa, gafarar ta rufe shi tare da sauran, abin da ya rage miki kawai shi ne ki ambace shi ran da kika koma, ki ce Fada wancan karon na manta kaza. Dokar Ikilisiya ta 988 ta ce a faɗi manyan zunuban da mutum ya tuna bayan ya bincika zuciyarsa sosai, da irinsu da adadinsu.

Batun halin Fada kuwa, an sha wannan rigimar tun ƙarni na 4 a Arewacin Afirka, inda mabiyan wani bishop mai suna Donatus suka ce sakramentin da mai zunubi ya bayar banza ne, Waliyyi Agustin ya tsaya ya ce a'a, Almasihu ne ke aikin, firist hannu ne kawai. Ki duba Yohanna 20:23. Abin da ake bukata ta ɓangarensa shi ne ya zama an naɗa shi firist, yana da izinin jin ikirari, wanda yawanci bishop ke bayarwa, kuma ya furta kalmomin nan na "na kwance miki zunubanki cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki". Ta ɓangarenki kuma nadama da niyyar barin zunubin. Saurinsa bai yi daɗi ba, ni ma ba na so in ga ana sallamar mutane haka, amma bai taɓa gafarar ba. Kuma ki yi hattara da jita-jita.

Bawan Yesu 7:
Baba katikis ya gama magana a kan na farko. Ƙari ɗaya, ko da an ƙwace wa firist izini, in mutum na bakin mutuwa zai iya kwance masa zunubi kuma ya karɓu, doka ta 976 ke nan.

Amma 'yar'uwa, maganar abokiyarki kar mu share ta gaba ɗaya, akwai tarihi a ciki. Da gaske an taɓa haɗa indaljens da kuɗi, irin wa'azin wani Fada mai suna Tetzel a Jamus na cikin abin da ya harzuƙa Martin Luta a 1517. Babban taron bishop-bishop na Tirent ya yi Allah wadai da wannan cin riba, sannan a 1567 Paparoma Piyus na 5 ya soke duk indaljens da ke da alaƙa da biyan kuɗi. Yau duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya ba ki indaljens macuci ne.

Kuma indaljens ba ya yafe zunubi sam, ikirari ne ke wannan. Shi yana ɗauke horon da ya saura ne bayan an riga an yafe, kamar wanda ya ji ciwo an cire masa ƙaya amma gyambon bai gama warkewa ba, wannan ragowar ce ake tsarkakewa a nan duniya ko a furgatori, wato inda ake tsarkake rayuka bayan mutuwa kafin su shiga sama.

Maman Biyu:
Ni duk shekara ina yi wa babana. Daga 1 zuwa 8 ga Nuwamba ki ziyarci maƙabarta ki yi wa matattu addu'a, kowace rana ana iya samun guda ɗaya. Sharuɗɗan su ne ikirari, karɓar komuniyan, addu'a don niyyar Paparoma (Ubanmu ɗaya da A gaishe ki ɗaya sun isa), sai mai wuyar, wato zuciya ta rabu da son kowane zunubi har ƙanana. In wannan na ƙarshen bai cika ba ba ki yi asara ba, ya zama na wani ɓangare ne. Ikirari ɗaya ya ishe ki duk kwanakin in dai bai wuce kamar kwana 20 kafin ko bayan ba, komuniyan da addu'ar niyyar Paparoma ne dai kowace rana da nata. Kar ki ruɗe da tsofaffin littattafan addu'a masu cewa indaljens na "kwana 300", Paparoma Bulus na 6 ya cire wannan lissafin tun 1967.

'Yar Rozari:
Na gode sosai Baba, na gode duka, yau dai zan yi barci. Tambaya ɗaya Maman Biyu, kabarin mama yana da nisa da inda nake, dole sai nata zan je?

Maman Biyu:
A'a ƙanwata, kowace maƙabarta ta yi, ke dai ki sa ta a niyyarki. Ran 2 ga wata ma in kin shiga coci kin yi Ubanmu da Na ba da gaskiya ya wadatar a madadin zuwa maƙabartar. Ki je ikirarin nan a ƙarshen Oktoba, ki faɗi wanda kika manta ɗin a lokacin.