Tambaya kan oktoniyon: daga ina 14 ɗin G2 ta fito?

Ɗalibin Lissafi:
Assalamu alaikum malamai. Ina karatun digiri na biyu, aikina kan aljabarar da ninkawarta ba ta yarda a matsar da baka ba. Wannan ɓangaren ya zauna mini: a oktoniyon (tsarin lambobi mai ginshiƙai 8, wato 1 da e1 zuwa e7), (e1e2)e4 = e7, amma e1(e2e4) = −e7. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne juyin da ke kiyaye ninkawa. A kwataniyon (mai ginshiƙai 4: 1, i, j, k), duk juyin rukunin SO(3), wato rukunin juye-juye a daimenshan 3, yana aiki a kan i, j, k. To ga oktoniyon da ginshiƙai 7 ban da 1, na zaci SO(7) za a samu mai daimenshan 21, sai littafi ya ce wani rukuni ne da ake kira G2 mai 14, wai Élie Cartan ya nuna haka a 1914. Ina bakwai ɗin suka shige? Ƙirge nake so wanda zan iya yi a allo gaban mai duba aikina, ba "sananne ne" ba.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ɗauki alli. Juyin zai kai e1 wani wuri, kuma dole wurin ya zama mai tsawo 1 a cikin ginshiƙan nan 7. Wato kana zaɓe a saman ƙwallo mai daimenshan 6. Rubuta 6. Sai e2: dole ya tsaya a miƙe kan e1, saura ƙwallo mai 5. Yanzu e3 ba ka da ta cewa a kansa, tunda e1e2 ne, ninkawa ta riga ta yanke hukunci. Sai e4, wanda zai kauce wa e1, e2 da e3 duka, ginshiƙai 4 suka rage masa, ƙwallo mai 3. Daga nan e5, e6, e7 duk ninki ne na waɗannan ukun. 6 da 5 da 3, nawa ke nan? A SO(7) kuwa kowane ginshiƙi da zaɓinsa: 6+5+4+3+2+1. Ka jefar da 4 ta e3, da 2 da 1 na ƙarshe, ga bakwanka.

Abu ɗaya fa: sai ka nuna cewa kowane irin wannan zaɓi na uku yana ba da juyi na gaske. A nan masu jarrabawa ke kama yara.

'Yar Katsina:
Ƙari kan bayanin Malam: in ka daskarar da e1, juye-juyen da suka rage rukunin SU(3) ne mai daimenshan 8, kuma 8+6 = 14. Ni wannan hanyar ta fi kwanta mini. Kuma kada ka ce dokar baka ta rushe gaba ɗaya. Ka'idar Artin ta ce duk abin da lambobi biyu kacal suka haifar yana bin dokar, sai na uku ya shigo ake samun rigima. Shi ya sa misalinka ya buƙaci e4.

Ɗalibin Lissafi:
Allah ya saka da alheri, Malam, ya ƙara lafiya. Yaya, na gode. In aka haura zuwa sedeniyon, tsarin da ke gaba da oktoniyon mai ginshiƙai 16 fa, rukunin zai ƙara girma?

Tsohon Malami:
Daimenshan ɗinsa na nan a 14, G2 ne dai da ɗan ƙari mai iyaka. Kuma can raba lamba ta lalace, lambobi biyu da ba sifiri ba na iya ba ka sifiri. Masanin lissafi Hurwitz ya rufe ƙofa tun 1898: tsarin lambobin da ninkawarsa ke kiyaye tsawo sai a daimenshan 1, 2, 4, 8 kawai. In rukuni babba kake nema, duba aljabarar Albert mai daimenshan 27, rukunin juyinta F4 ne mai 52. Amma gama babin G2 tukuna.