Wa ya koya muku tsayuwa a ɗakin hoton haƙori?

'Yar Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ina ɗaukar hoton haƙori da injin X-ray a wani asibitin kuɗi. Ranar da na fara, maɓallin dannawa kaɗai aka nuna mini. In yaro ya ƙi riƙe fim ɗin da hoton ke fita a kai, ni ke sa yatsa a bakinsa in danne, wani ya danna injin. Jiya sau huɗu na yi haka, ga shi ina da ƙaramin ciki. Hankalina ya ƙi kwanciya. Ku yaya kuka fara?

Ɗan Sabon Gari:
Ƙanwata, don Allah ki daina daga yau. Ni ma shekara biyu ina riƙewa kafin a tura ni horo. Can aka ce mana in babu katanga, ka ja baya aƙalla mita 2, ka tsaya a gefe, ba inda bakin injin ya dosa ba. Yaron da ya ƙi, a sa wa uwarsa rigar dalma mai tare hasken injin ta riƙe, muddin ba ta da ciki. Ita sau ɗaya ne, ke kuwa kullum. Batun cikin kuma, ki sanar da likita a rubuce.

Baba na Samaru:
Wa alaikumus salam 'yata. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, muna garin da Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello take, mai injin nukiliya tun 2004, amma yaranmu na aiki ba bajon auna hasken injin da ke taɓa jiki a ƙirji. Dokar 1995 ce ta kafa NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, mai ba da lasisin irin wannan inji. Da milisibat ake auna hasken da jiki ya sha: iyakar ma'aikaci milisibat 20 ce a shekara, abin da ke cikin mai juna biyu kuwa kada ya wuce 1. In ba a auna ba, ta yaya za a sani? Na taɓa manta bajona jikin riga a ɗakin hoto har sati guda. Da sakamako ya fito, sai da na sha tambayoyi.

Hajiya daga Kongo:
Ni ruwan wanke fim ne ya koya mini hankali. Da hunturu hotuna suka riƙa fitowa fari-fari, sai na ƙara lokacin haske. Ashe ruwan ne ya yi sanyi, ya kuma tsufa, bayin Allah nake ta ƙara wa haske a banza. Har yau abin na damuna. Yanzu ma'aunin zafi ba ya barin kwanon, kuma duk hoton da aka sake sai na rubuta dalili a littafi. Rigar dalma a rataye ta. Tamu da ake ninkewa, da aka duba, ta tsage daidai ninkin.

'Yar Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri. Gobe da safe zan sami likita. Baba, bayan wata nawa ake mayar da bajon a karanta?

Baba na Samaru:
Mu duk wata uku muke kai namu. Ke mai ciki, ki nemi a riƙa karanta naki wata-wata.