Ina Fuskar Kahnweiler Ta Shiga?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum. Na ga hoton zanen da mai zane Pikaso ya yi wa dillalin zane-zanensa Daniel-Henry Kahnweiler a 1910 cikin salon Kubizim (salon da ke farfasa siffa, ya nuna ta daga kusurwoyi da yawa lokaci guda), wanda ke ajiye a gidan zane na Shikago, sai tambaya ta zo mini a waƙe.

Na zuba wa allon ido tun hantsi har azahar,
Ban ga goshi ko kumatu ba da zan iya ganewa.
Ruwan toka da ruwan ƙasa ne suka mamaye shi,
Kamar madubin da ya faɗi ya yi tarwatsewa.
Idan mutum ya zauna domin ka zana kamanninsa,
Wane hakki gare ka na kai fuskarsa ga ɓacewa?

Ɗalibar Zane:

Malam, a gafarce ni, mutumin yana cikin allon,
Sai dai yana bukatar haƙuri wajen dubawa.
Ka fara daga sama, ga gashinsa da aka taje ya kwanta,
Ka sauko kaɗan, idanu da doron hanci suna leƙowa.
Sarƙar agogonsa tana rataye a gaban riga,
Hannuwansa biyu a kan cinya sun yi haɗuwa.
Pikaso da abokin zanensa Braque sun ƙi kallo daga kusurwa guda,
Domin mai hira da kai, kansa ba ya daina juyawa;
Gaba da gefen da kake gani ɗaya bayan ɗaya,
Su ne suka tara a allo guda babu rarrabewa.

Dattijon Zaure:

'Yata, kin faɗi daidai, amma tushen ya girmi 1910.
Zanen da Pikaso ya yi wa marubuciya Gertrude Stein a 1906 ya sami kammaluwa:
Ya shafe fuskar, ya tafi Gósol ta ƙasar Sifaniya,
Ya dawo ya zana ta da ka, ba ta gabansa balle gwadawa.
A 1907 ya shiga gidan tarihin Trocadéro a Paris,
Ya tarar da fuskokin itace da aka kwaso daga Afirka zuwa ga Turawa.
Abin da ke ci mini rai, sunan Pikaso ya game duniya,
Masassaƙan kuwa ba a rubuta sunayensu ba domin tunawa.

Malamin Firamare:

Baba, na gode. Malama, na koma na sake kallo,
Na sami hannuwan, sarƙar ma ba ta gagara ganowa.
Na kuma nemo zanen da mai zane Juan Gris ya yi wa Pikaso a 1912,
Yana riƙe da farantin launuka, ya fi sauƙin karantawa.
Amma na Kahnweiler har yanzu yana riƙe da ni,
Gobe bayan tashin makaranta gare shi zan yi komawa.