Sitiroberin Jos ko na leda? Ku ba ni shawara kafin in kashe kuɗina

Maman Biyu, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Likita ya ce sukarina ya fara hawa, in rage sitaci da zaƙi. Madara kuma ba ta zama a cikina, ko a shayi na sha sai kumburi. To na fara haɗa simuti, wato markaɗaɗɗen kayan marmari na sha, da safe: madarar kwakwa, rabin piya, sitiroberi guda shida, cokali ɗaya na 'ya'yan ciya (ƙananan ƙwayoyin nan da ake kira chia). Yana riƙe ni har azahar. Tambayata: in ci gaba da sayen daskararre na leda a kanti, ko in yi odar kwali daga Jos tunda yanzu lokacinsa ne, in daskarar da kaina? Firizata ƙarama ce, wutarmu kuma kun san halinta.

Amaryar Ketu: Wa alaikumus salam. Ki sa yogot da ayaba biyu da zuma, wallahi sai kin lashe kofin.

Maman Biyu, Agege: Ƙanwata, ki sake karanta abin da na rubuta don Allah.

Ɗan Obalende: Kakanninmu fura da nono suka sha suka shekara casa'in. Yau an wayi gari Bahaushiya na neman sitiroberi a Agege. Allah Ya kyauta.

Hajiya ta Idi-Araba: Jos? Maman Biyu ki zauna in ba ki labari. Bara, cikin sanyi, na ga wata a Instagram tana tallar sitiroberi jajir, wai daga gona a wajen Vom. Na tura dubu talatin da biyu har kuɗin mota. Ta ce gobe da safe yana tasha. Gobe ta zama jibi, wai mota ta lalace bayan Lokoja. Ranar da na je karɓa, tun kafin yaron ya miƙo kwalin na ga ƙasansa ya jiƙe, jan ruwa na ɗiga kamar zoɓo. An ɗora masa buhun dankalin Turawa! Na zauna a tsakar gida ina tsince masu rai, da ƙyar na cika roba biyu. Na wanke, na cire hancin, na sa a firiza. Daren nan taransifomarmu ta buga, kwana huɗu babu wuta. Mai gidan bai ce komai ba, kallona kawai yake, kuma wannan kallon ya fi faɗa ciwo. Na kira mai kayan, ta ce ai kaya in ya bar hannunta ya zama na direba. Direba ya ce shi bai san 'ya'yan itace ba ne.

Amaryar Ketu: Innalillahi. Hajiya sannu.

Mai Kayan Marmari, Mile 12: Hajiya an cuce ki tun daga farashi. Ƙaramar roba dubu uku da ɗari biyar muke bayarwa in kaya ya sauka. Kuma ba a yi wa sitiroberi odar kwali sai kana da mutum a tasha.

Maman Biyu, Agege: Malam, dubu uku da ɗari biyar? Shekaranjiya dubu bakwai aka ce min a Ikeja, robar ko tafin hannuna ba ta kai ba.

Ɗan Obalende: Ta ga kin sauko daga mota mai sanyi ne.

Anti Nas: Ku bar batun kuɗi tukuna. A giram 100, sitiroberi yana da kabohaidiret kusan giram 8, buluberi (ƙananan 'ya'yan itacen nan shuɗaye) kusan 14, ayaba kusan 23. Shi ya sa na leda mai gauraye sai kin duba bayansa, wani ana zuba masa sukari, wani kuma da mangwaro da abarba a ciki. Haɗinki ya yi, kada ki ƙara zuma ko dabino. Madarar kwakwar ma ki yi da kanki: ki kankare, ki markaɗa da ruwan ɗumi, ki tace da ƙyalle. Kwakwa ga ta nan daga Badagry. Amma ba ta wuce kwana biyu zuwa uku a firij. In kin zaɓi na Jos, ki shanya su ɗaya-ɗaya a faranti su daskare kafin ki juye a leda, in ba haka ba dunƙulewa za su yi.

Amaryar Ketu: Ni dai wata mai koyar da girki ta ce kunun aya ya fi madarar kwakwa, kuma dabino ba sukari ba ne, na Allah ne.

Anti Nas: Rake ma na Allah ne. Ta sha kunun aya da dabino, bayan awa biyu ta gwada jininta, sai mu yi magana.

Mai Kayan Marmari, Mile 12: Anti ke lissafin takarda kika sani. Shekarata goma sha ɗaya ina taɓa kayan nan da hannuna.

Anti Nas: Malam kai ka san wanda zai ruɓe gobe, ban musa ba. Abin da zai yi a jininta fa?

Hajiya ta Idi-Araba: Duk ku bar gardama, wuta ce maganar. Tun da aka mayar da mu Band A, rukunin masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, a 2024 aka ce awa ashirin a rana za mu riƙa samu. Kuɗin dai na awa ashirin muke biya.

Ɗan Obalende: Hajiya ku da kuke da mita ma kenan. Mu takarda kawai ake kawo mana, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba.

Maman Biyu, Agege: To ni yanzu in saya ko kada in saya?

Amaryar Ketu: Wai nawa ake haɗa ƙaramar sola da za ta ɗauki firiza? Maƙwabciyata ta ce dubu ɗari shida, mai gyaran wutarmu ya ce ko miliyan ba za ta isa ba.

Hajiya ta Idi-Araba: Kada ki kuskura ki ba mai gyaran unguwa. Bari in idar da sallah in ba ki labarin batirin da aka sayar min.