An ba ni ɓangaren da ban yarda da shi ba, kuma ni na ci

Auta: Assalamu alaikum ƴan gida. Ku yi haƙuri da tsawon saƙo, kwana ukku ke nan abin na cina. Ranar Laraba anka yi muhawara a ajinmu, malamar Turanci ta rubuta a allo wai ilimin ɗa namiji ya fi na ɗiya mace amfani ga iyali. Ba a tambayi kowa ra'ayinta ba, takardu ta naɗe ta zuba cikin kwalin alli kowa ta ɗauka, ni tawa ta ce in goyi baya. Na ce Malama a canja min, ta ce ba a canjawa, haka ake koyon shawo kan mai sauraro. To kun san ni da ƙin faɗuwa. Dare biyu ina tattara hujja, kuma wallahi ba a littafi na samo su ba, maganganun da nake ji ne a gidan biki da cikin keke napep, mace gidan wani za ta, namiji shi ke riƙe gida, in kuɗi bai isa ba a fara da wanda zai ciyar. Har na ce "bincike ya nuna" alhali ba wani bincike da na karanta. Anka tafa min, alƙalai ukku duk ni sunka ba. Amma akwai ƙawata da muke benci ɗaya tun aji ɗaya, dama ana ta kai da kawo a gidansu ko a biya mata kuɗin jarrabawa ko a bar wa ƙanenta. Tana layi na biyu, ba ta tafa ba, sai murza bakin hijabinta take. Da anka tashi ta ce min "ashe kin iya faɗinta fiye da Babana." Har yau ba ta ƙara yi min magana ba. Ni dai inda na tsaya, bai dace malami ya tilasta wa ɗalibi kare abin da bai yarda da shi ba. Ƙarya ake koya mana da sunan darasi.

Yaya: Wa alaikumus salam. Sannu Auta, maganar ƙawarki ta taɓa ni, amma ban yarda da hukuncin da kika yanke ba. Mu nan sashen shari'a na jami'ar Ɗanfodiyo haka ake mana, a shirya kotun gwaji a ba ka wanda ake tuhuma, ko da a ranka ka gama ɗaure shi, dole ka tsaya masa. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, to in kowa ya ce sai wanda zuciyarsa ta kwanta da shi zai kare, wa zai tsaya wa mutumin da gari ya juya wa baya? Kuma ki duba kanki, a da in an ce miki mace gidan wani za ta sai dai ki yi tsaki ki tashi, yanzu kin san hujjar ciki da bai, kin san inda take da rauni.

Auta: Yaya ai lauya kowa ya san aiki aka ɗauke shi. Ni ƴan ajinmu ba lauya sunka gani ba, ni sunka gani, da muryata.

Kawu Malam: Ɗiyata na karanta sau biyu. Shekara 35 ina riƙe da alli kahin in aje aiki, kuma ni ma na sha naɗe takardu in ba yara su ɗauka, don haka laihin da kinka ɗora ma malamarki ni ma ina ciki. Bari ki ji dalili. In ka bar aji ya zaɓa, kowa gehe guda zai tahi, ko bayan mai baki na aji ko bayan abin da sunka ga malam na so, sai ka ƙare da yara talatin suna maimaita ma juna magana guda. Wannan ba muhawara ba ce, amshi ne. Sannan ga jarrabawa na jiran ku. A takardar insha'i ta WAEC ana son kalma 450, maki 50 ne, 10 na abin da kinka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na nahawu da ƙa'idar rubutu. Mai makin ba ya da gurbin da zai rubuta ko kin yarda da abin da kinka rubuta. Amma kada in ɓoye maki, a can ke za ki zaɓi goyon baya ko adawa, ba a yi maki ƙuri'a.

Kuma mu mutanen Sakkwato ba baƙin wanga abu ba ne. Da Shehu Muhammadu Al-Amin Al-Kanemi na Barno ya aiko da wasiƙu yana tuhumar mutanen Shehu, yana tambaya da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi, Muhammadu Bello bai ƙone wasiƙun ba. Ya kwahe su ya sa cikin Infaƙul Maisur da ya rubuta a 1812, sannan ya ba da amsa. Har yau ɗalibi na iya buɗewa ya karanta hujjar da anka kawo ma kakanninmu, da ƙarhinta. Mutanen da sunka yi haka ba su tsoron ɗiyansu su ji maganar abokin gardama.

Goggo: Malam Allah shi ƙara girma, amma misalin da ka kawo namu ne ba naka ba. Sarkin Musulmi Bello ya kawo maganar Kanemi da sunan Kanemi, ya ce ga abin da mutumen Barno ya ce, sannan ya amsa da sunan kansa da abin da ya yi imani da shi. Bai miƙe gaban jama'a ya ce Barno ta yi gaskiya don a tafa mishi ba. Naƙalto maganar wani daban, ara mata bakinka daban. Yarinyar nan bakinta anka ara.

Kuma ni batun ma shi ke ƙona min rai. Tun Shehu na yawon wa'azi anka yi wagga gardama, a Daura wani malamin Barno, Malam Mustafa Gwani, ya yi suka kan barin mata su halarci wa'azi, Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar mishi da amsa a waƙe, cewa barin su cikin jahilci ya hi muni. Nana Asma'u ta zo ta kafa ƴan taru, tana naɗa jajoji ta ba su malfa su shiga ƙauyuka su karantar da mata, ta rasu a 1864 aikin bai tsaya ba. Yau a garin nan, a makarantar ƴan mata, a ce rabin aji su tashi su kawo hujjar cewa karatunsu bai kai na maza ba? Ni da ke karantar da matan aure a Mabera kullum da yamma, ina da wadda ta haura arba'in tana koyon haɗa baƙi, in ta kasa sai ta rufe fuska da gyale tana kuka, ta ce da an bar ta tun tana yarinya. Ku zo ku ce mata wasa ne na aji.

Ɗan Goggo: Ni fa a ganina a koma irin namu na da kawai. Likita da malami wa ya fi amfani, makarantar kwana da jeka-ka-dawo, zaman birni da na ƙauye. Ba wanda ke komawa gida da ciwo. Muna aji biyar wani malami ya kawo mana manomi da makiyayi, shi a nufinsa noma da kiwo, amma lokacin ana ta gudun hijira daga gabashin jiha, wajen Isa da Sabon Birni, kuma a ajin akwai yaron da ƴan bindiga sunka tayar da ƙauyensu, akwai kuma yaran Fulani biyu da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Minti goma ba a yi ba anka bar zancen gero da nono anka koma "ku ne", "a'a ku ne". Yaran da ke cin abinci tire ɗaya har zango ya ƙare ba su sake haɗa hannu ba. Malamin ya rufe littafinsa ya tafi gida, mu ya bari da abin a ɗakin kwana.

Yaya: Allah ya kyauta, wannan kam sakaci ne. Amma ɗan uwa likita da malamin nan me ya koya mana tsakani da Allah? Haddar gaisuwa, shugaban taro, alƙalai masu adalci, mai kula da lokaci, abokan muhawara, sai a ƙare da fatan na gamsar da ku. Kowa ya san ba abin da ya dame shi da amsar. In makaranta ta ƙi koya wa yaro yadda zai yi gardama kan abin da ke da zafi ba tare da zagi ba, a Facebook da TikTok zai koya, kuma kun ga irin tarbiyyar da ake samowa can. Goggo ki gafarce ni, maganar nan da Auta ta faɗa ai ba ita ta ƙirƙiro ta ba, ana yinta a zaure kullum ba mai amsawa. Gara a fito da ita fili a aji inda akwai ɓangare na biyu da zai rusa ta.

Goggo: To an rusa ta ɗana? Ita ta ci fa.

Yaya: Gaskiya ne Goggo, ba a rusa ta ba.

Kawu Malam: To nan nika son mu tsaya, don Hajiya Goggonku ta taɓo wurin. Mi ya sa ta ci? Ɗiyata kada ki ji haushina, kin ci ne da abin da bai kamata a bari ki ci da shi ba. Tun zamanin Girkawa, Aristotal ya kasa hanyoyin shawo kan mutane gida ukku, amincin mai magana, motsa zuciyar mai sauraro, da hujja. Ke kin samu na biyu, kin ari rigar na ukku da kalmar "bincike ya nuna". Malamanmu na zaure suna da fanni sukutum, adabul bahsi wal munazara, wato ladubban bincike da muhawara, kuma ƙa'idarsa ta farko ita ce in naƙaltowa ka yi to ka inganta daga ina, in kuma da'awa ce taka to kawo dalili. Da alƙalan nan ukku sun tsayar da ke sun ce wane bincike, wa ya yi shi, da magana ta ƙare nan, da ƙawarki ta ga hujjar ta faɗi gabanta. Alƙalanmu na makaranta murya suke ba maki, da tsayuwa, da Turanci mai santsi. Na yi alƙalancin nan ba sau ɗaya ba, kuma ina jin kunyar sau nawa na ba yaro maki don ya buga tebur. Ana ruwaito Imamu Shafi'i yana cewa bai taɓa munazara da wani ba face yana fatan gaskiya ta bayyana ko a harshen wancan ne. Mu kuwa kofi muke ba wanda ya rufe bakin ɗan uwansa. Gyaran a nan yake, ba a kwalin alli ba.

Auta: Kawu na karɓi wannan, ƙaryar binciken tawa ce ba Malama ta sa ni ba, kuma ita ta fi damuna da dare. Amma ko da ban faɗe ta ba sauran maganar fa? Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 shekara tara ta wajabta, firamare zuwa ƙaramar sakandare aji ukku. Mu mun wuce nan. Zaman ƙawata a aji yanzu ba doka ke riƙe da shi ba, kalma ɗaya ce daga bakin Babanta. A wurin Yaya batu ne na gwaji, a wurinta hukunci ne da ake jira a gida, sai ga aminiyarta ta tashi ta karanto shi da Turanci ana tafi. Da waya a makaranta anka ba mu, ko a soke bulala, ko wane ɓangare ne zan yi da gudu in ma ji daɗi. Amma a ce in tsaya in kawo hujja kan wadda ke zaune gabana, ni dai a'a, ko maki nawa ne.

Ɗan Goggo: Kuma malama ba ta san halin da yarinyar ke ciki ba?

Auta: Ban jin ta sani. Mu fiye da hamsin ne a ajin.

Goggo: Shi ya sa ba a tilastawa. Yarinya ta ce a canja mata, ai wannan kaɗai ya isa malami ya tsaya ya tambayi dalili. Allah cewa ya yi a yi jayayya da abin da ya hi kyau, Suratun Nahli aya ta 125, kuma ban ga kyawon da ke cikin sa yarinya ta soki kanta ba. Auta ki shirya gobe bayan la'asar ki biyo min, mu tahi gidan ƙawar taki tare. Ke ki ba ta haƙuri, ni in gaisa da mahaihiyarta in ji inda maganar jarrabawar ta kwana.

Auta: To Goggo, Allah ya saka. Kuma Litinin zan roƙi Malama minti biyar gaban aji in ce ba wani bincike, in kuma amsa hujjojin nan ɗaya bayan ɗaya da bakina.

Yaya: Tana iya zare miki makin fa, ki sani.

Auta: Ta zare Yaya.

Kawu Malam: Ni har yanzu ban yarda a daina ƙuri'a ba, Hajiya ta sani, za mu ci gaba in mun haɗu wurin suna ran Juma'a. Amma ɗiyata ki rubuta abin da za ki faɗa ki turo min kahin daren Lahadi in duba. Duk inda kinka ce wani ya ce, ki sa min waye shi.